Takardar auna natsuwar yara: a raba wa kowa ko a dakata?

Baban Mariyama, sakataren iyaye: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema kafin taronmu na ranar Asabar. Mai lakwal ɗin da ƴaƴanmu ke ciki nan Tawa ya kawo wa kwamitin iyaye wata magana. Yana so a raba takarda mai tambayoyi 18 a kan kowane ɗalibi, tun daga CI har ajin brebe, iyaye su cika ɗaya, mushe ya cika ɗaya, wai don a gano yaran da ke da TDAH, larurar nan ta kasa tsayar da hankali wuri guda da yawan motsi. Tambayoyin irin su: yana yawan ɓatar da kayan karatunsa? Yana tashi daga benci ba a ce ya tashi ba? Yana amsawa tun ba a gama tambaya ba? Ɗalibanmu sun kai 600. Wasu cikin kwamiti sun ce ci gaba ne, wasu sun ce hanyar tatsar kuɗi ce. Akwai malaman lakwal da na asibiti a nan, don Allah ku haska mana.

Kawu Ɗan Adar: Wa alaikumus salam. Alhaji, in dai wagga takarda ta, ku rubuta jikokina duka, ba sai an ɓata tawada ba. Wane yaro na bai ɓadda bik? Mu da munka tashi Bilbis ƙiriniya munka sani, maganinta kau tsumagiya. Yanzu komi sai an mai da shi ciwo.

Madam Zali: Kawu ina wuni. Ni CE1 nake riƙe da shi a lakwal ta gwamnati, kuma na yarda da kai rabi. Ƙiriniya kowane yaro na da tasa. Amma akwai wani iri da duk wanda ya daɗe da alli a hannu ya san shi. Bara ina da wani yaro, kaifin kai gare shi, in na tambaye shi da baki ya fi kowa. Sai in rubuta layi biyar a allo in ce a kwafa. Zai fara na farko, ƙuda ya gitta, ya bi ƙuda da ido, ya tuna gomarsa ta faɗi, ya shiga ƙarƙashin tebur nemanta, ya fito da murfin kwalba, ya nuna wa na kusa da shi. Lokacin da na goge allo yana kan kalma ta uku. In na yi masa faɗa sai hawaye, ya rantse ba zai ƙara ba, kuma na san da gaske yake. Kafin a fita shan iska ya koma. Uban ya dake shi, yayan uban ya dake shi, dirakta ya dake shi. Da tsumagiya na magani da yaron nan ya fi kowa natsuwa a Adar.

Kawu Ɗan Adar: To ba a dake shi yadda ya kamata ba.

Madam Zali: Subhanallahi Kawu. Da ka ga bayansa da ba ka faɗi haka ba.

Dakta Hawa, Yamai: Barkanmu da yamma. Kawu, da girmanka, larurar ba sabuwa ba ce. Tun 1902 wani likitan yara a Ingila, George Still, ya yi bayanin irin waɗannan yara. Binciken da aka tattara daga ƙasashe da dama ya nuna kusan yara 5 cikin 100 ne ke da ita, kuma gado na da ƙarfi ƙwarai a ciki. Nazarin tagwaye ya sa shi sama da kashi 70 cikin 100. Sau da yawa ina tambayar uwa, sai in ga uban ya kasa zama kan kujera, yana ta taɓa kayan da ke kan teburina. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Amma Alhaji, ga inda nake so kwamiti ya lura. Tambayoyin nan 18 kashi biyu ne: 9 na rashin tsayar da hankali, 9 na yawan motsi da gaggawa. Kafin likita ya ce yaro na da TDAH sai an samu aƙalla 6 a kashi ɗaya, sun ɗauki wata 6 ko fiye, sun fara kafin shekara 12, ana ganinsu a wuri biyu ko fiye, ba aji kaɗai ba, sun wuce abin da aka saba gani ga tsaransa, kuma suna cutar da karatunsa ko zamansa da mutane. Bayan wannan duka sai an tabbatar ba wani abu ne daban ya kawo su ba. Takarda ba ta iya wannan aiki na ƙarshe. Babu gwajin jini ko hoton kai da ke nuna larurar. Zama ne da iyaye, da jin ta bakin malami, da duba yaron. Shi ya sa hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin kiwon lafiya a Ingila, ta ce ƙarara kada a yi tantancewar kowa da kowa a makarantu. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ma a 2019 cewa ta yi a binciki yaro mai shekara 4 zuwa 18 idan ya zo da matsalar karatu ko ta hali tare da alamun. Ba ta ce a bi aji-aji ba.

Baban Mariyama: Dakta, me zai hana? Ni a tunanina in an tankaɗe kowa ba wanda zai kuɓuce.

Dakta Hawa: Alhaji ɗauki bik. Yara 600, 5 cikin 100, ka ga kamar 30 ke nan. Saura 570. Mu ƙaddara takardar ta yi kuskure a kan 1 cikin 10 kacal na waɗanda ba su da komi: 57. Wato waɗanda za a nuna da yatsa a banza sun kusa ninka masu larurar. Kowane ɗaya cikinsu na bukatar wanda zai zauna da shi da iyayensa ya warware. Wa zai yi?

Majo Sani: Nan ne ni ma na tsaya, Dakta. Iyayenmu mata duk sun san zaren auna dantse na tamowa. Takardar nan kamarsa take: zare bai ce yaro na da ciwo kaza ba, cewa yake a je a duba. To amma ranar da zare ya nuna ja, ƙasa da milimita 115, na san abin da zan yi. In yaron na cin abinci in sa shi CRENAS, inda ake kula da masu tamowa suna komawa gida, in ya galabaita in tura shi CRENI, inda ake kwantar da su, akwai rajista, akwai abincin magani, akwai ranar dawowa. Yanzu a kawo mini takardu 80 da jan alƙalami a CSI, ƙaramin asibitinmu, in tura su ina? Masana halayyar yara ƴan ƙalilan ne a ƙasar nan, mafi yawansu Yamai. Uwa ta bi ta Ƙonni, ta Dogon Dutsi, ta Doso, sama da kilomita 500, da kuɗin mota da na masauki, mijinta na Abijan yana bida. In kuma ta ji an ce Pavillon E, sashen masu taɓin hankali na babban asibitin Yamai, ai shi ke nan, ta koma gida ta ce an ce ɗanta ya taɓu. Lafiya kyauta kuma ta ƴan ƙasa da shekara 5 ce, ɗan lakwal ya wuce ta.

Madam Zali: Ku ƙara da wannan. Ajina ya haura 80. In aka ba ni takarda 80 mai tambaya 18, wallahi waɗanda suka hana ni sakat su zan cika da gaskiya, sauran in bi su da "a'a, a'a" in huta. Kuma ranar da yaro ya ɓata mini rai ba irin makin da zan ba shi ranar da muka wanye lafiya ba ne. Mu ma mutane ne.

Ramatu, ɗalibar ilimin koyarwa a Jami'ar Djibo Hamani: Ina gaida iyayena. Akwai abu biyu da suka dame ni. Na farko harshe. Yaro ɗan CI ya taso da Hausa ko Tamajak, a zaunar da shi tun ƙarfe 8 ana yi masa Faransanci, ba ya tsintar komi. Wa zai tsayar da hankali kan abin da ba ya ganewa? Ko ni aka sa ni a lacca da Sinanci, minti goma zan fara leƙen taga. A takarda sai ya fito "ba ya saurare in ana yi masa magana".

Na biyu shekaru. A 2018 an buga wani bincike a Amurka: a jihohin da ake yanke shiga aji ranar 1 ga Satumba, yaran da aka haifa a Agusta, wato ƙananan aji, an fi cewa suna da larurar da kusan kashi 30 cikin 100 a kan waɗanda aka haifa a Satumba. Tazarar wata 11 kawai ta yi wannan. To mu fa? A aji ɗaya za ka ga ɗan shekara 5 da aka tura don ya bar uwarsa ta yi sana'a, da ɗan shekara 9 da aka yi wa takardar haihuwa a kotu aka rage masa. In ka gwada na 5 da na 9 dole ka ce ƙaramin ba shi da natsuwa.

Mushe Illa: Ramatu ta taɓo inda ke ciwo. Lakwal masu zaman kansu su suka fi karɓar ƙananan, saboda iyaye na son a ce ɗansu ya yi bak da shekara 16.

Maman Salim: Salamu alaikum. Ni ba na yawan magana a nan amma wannan ta shafe ni. Ɗiyata ce, tana CE2 lokacin. Kullum karne ya zo an rubuta ba ta bin darasi, tana mafarki a aji. A gida ma sai ina yi mata magana in ga ta tsaya cak, ido a buɗe, cokali a hannu, leɓe na ɗan motsi kamar tana taunar wani abu. In kira sunanta shiru. Kafin in ƙirga goma ta dawo ta ci gaba da cin tuwonta kamar ba a yi komi ba, in na ce me ya faru ta ce ba komi. Kakarta ta ce iska ne, aka yi turare, aka yi rubutu. Wata ƙawata da ta yi karatu waje ta ce TDAH ne irin na mata. Da muka samu ganin likita a Yamai, sai ya ba ta ƴar takarda ya ce ta yi ta hurawa da ƙarfi. Tana cikin hurawa abin ya zo mata a gabansa. Aka sa mata wayoyi a kai aka auna, ya ce farfaɗiya ce, irin wadda ba a faɗuwa. Yanzu tana shan magani, alhamdu lillahi tana CM2. Da takardar nan aka ba ni da na cika mata duka tara na farko.

Dakta Hawa: Allah ya ƙara mata lafiya, Maman Salim. Ga yadda iyaye za su bambance: mai tunani ya tafi, in ka taɓa kafaɗarsa zai dawo nan take. Mai irin wannan farfaɗiya ba ya dawowa sai ta sake shi, kuma tana iya zuwa sau da yawa a yini.

Ba ita kaɗai ke shigar burtu ba. Kunnen da ya sha ruwa ya rage ji. Idon da ba ya hango allo. Ƙarancin jini. Yaron da ya fito ba kari. Barci: ɗan firamare na bukatar awa 9 zuwa 12, ku gaya mini wa ke samun haka a watan Afrilu a Tawa in wuta ta ɗauke. Mai emasi, wato sikila, na iya samun ƴar toshewar jini a ƙwaƙwalwa ba tare da an ga ya shanye ba, sai dai a ga karatu ya ja baya. Wanda palu ya taɓa hawar masa kai har ya suma, an gani a bincike a Malawi da Yuganda cewa wasunsu na fitowa da matsalar natsuwa da hali. Sai yaran da suka baro garuruwansu saboda tashin hankali. Wanda ya ga abin tsoro ba ya zama lafiya a benci. Akwai kuma dalma. Kun tuna Zamfara a 2010, yara sama da 400 suka rasu saboda niƙan dutsen zinariya a cikin gidaje. Kaɗan daga gubar nan, wadda ba ta kai ta kisa ba, tana lalata natsuwa da fahimta. Tana cikin tsofaffin baturan mota da ake fasawa, tana kuma cikin wani kwallin dutse da ake sa wa jarirai.

Hajiya Ta Geben Zogi: A'a Dakta, kwalli kuma? Duk da shi aka rene mu.

Dakta Hawa: Hajiya ba kowane ba, amma mai ƙyalli da ake niƙawa daga dutse galibi dalma ce a cikinsa. Jariri na murza ido ya kai hannu baki. A bar wa manya.

Malam Abdu mai allo: Assalamu alaikum. Na ji ana cewa wuri biyu, gida da lakwal. Ku sa makarantar allo ta zama ta uku, don mu muna ganin abin da mushe bai gani. Akwai yaron da za a kawo mini ƙararsa daga boko, amma a wurina ya zauna ya biya allonsa har ya haddace, ya wanke. Wannan ba larura gare shi ba, a bincika abin da ke tsakaninsa da ajin. Akwai kuma wanda ko a sahun salla sai ya waiga, allonsa ya yi wata bai wanke ba, ba don daƙiƙanci ba, in ka riƙe shi kai da shi aya biyu-biyu sai ya ɗauke. Irin wannan na daina sa shi cikin taro, kusa da ƙafata nake ajiye shi, in ya gaji in aike shi ɗebo ruwan alwala. Addu'a kuwa muna yi, ba ta hana zuwa asibiti ba. Wanda ya saukar da cuta ya saukar da magani.

Madam Zali: Malam, abin da ake koya mana ke nan, ba ka je horo ba ka riga mu. Benci na gaba, nesa da ƙofa. Umarni ɗaya-ɗaya, ba "ɗauko littafi ka buɗe shafi kaza ka ja layi ka kwafa" a numfashi guda ba. Shi ke goge allo, shi ke raba kaye, don ya samu dalilin tashi. In ya yi daidai a yaba masa nan take, ba sai ƙarshen wata ba. Wannan bai bukatar takarda, bai cutar da wanda ba shi da larurar.

Baban Iro: Ni dai na ce sukari ne da waya. A hana su alewa da lemun kwalba a gani.

Dakta Hawa: Sukari an gwada shi: a ba wasu yara na gaske, wasu na bogi, ba wanda ya san wanne aka ba wa. Da aka tattara sakamakon a 1995 ba a ga bambanci a halinsu ba. A rage shi saboda haƙora. Waya kuwa tana cinye barci, wannan kaɗai ya isa a karɓe ta da dare. Sai dai kada a ce tunda yaro na iya awa biyu kan wasan waya ba shi da larurar. Abin da ke ba su lada nan take suna iya manne masa, aikin da ladansa ke nesa shi ke gagararsu.

Mushe Illa: Duk kun tsaya kan ƙanana. Ni a kolej nake. Ɗan shekara 14 ba ya hawa tebur, motsin ya koma ciki. Abin da za ka gani: aikin gida ba a yi ba, ko an yi an manta shi gida, ya san amsa ya tsallake rabin tambayoyin jarrabawa, ya maimaita aji, a kore shi. Kuma malamai takwas ke shiga ajin, wanne zai cika takardar? Mai lissafi da ke ganinsu kusan kullum ko mai wasanni? Ga ƴan mata, su ba sa damun kowa, suna can baya shiru, sai a ce ba ta da kai, a yi mata aure. Ana samun maza da larurar kamar ninki biyu na mata, amma wani ɓangare na tazarar rashin lura ne. Don haka ni ban yarda a ce a bar maganar gaba ɗaya ba. In an jira sai wanda aka kawo ƙara, yarinyar nan ba mai kawo ƙararta.

Dakta Hawa: Mushe wannan gaskiya ce, kuma ita ce hujja mafi ƙarfi ta masu son a raba wa kowa. Amsata: kada ma'aunin ya zama wanda ya dami malami. Ya zama duk wanda makinsa ya faɗi ko yake ƙasa da abin da ake ganin zai iya, mai surutu ne ko shiru-shiru. Matashi kuma a tambaye shi da kansa, shi kaɗai, ba gaban ubansa ba. Daga shekara 17 alamu 5 ake nema maimakon 6. In kuma abin bai fara ba sai bayan ya shiga kolej, da can lafiya lau, to a nemi wani dalili: damuwa, baƙin ciki, cin zali, ko ƙwaya.

Ibro kabu-kabu: Gaisuwa ga manya. Ni ma irin yaron da Madam Zali ta kwatanta ne, sai dai ni a ajin farko na kolej aka kore ni. Duka kam na sha, har na daina jin zafi. A fada aka fara ba ni tramol, aka ce yana sa natsuwa da ƙarfin aiki. Allah ya raba ni da shi bayan na faɗi da babur na karya ƙafa. Ban taɓa ganin likitan wannan abu ba, ban ce ina da shi ba. Amma da akwai wanda ya kira ni gefe ya tambaye ni me ke faruwa, maimakon a tsayar da ni gaban tuta a ce ga shaiɗanin lakwal, wataƙila da na yi brebe. Ɗana na CP yanzu, na ga alama, kuma na hana kowa taɓa shi.

Kawu Ɗan Adar: Allah shi kyauta, ɗana. To Dakta, in anka gano, mi a maganin? Na ji an ce ƙwaya ta, irin wadda ka sa maye. Mu hana su tramol mu ba su wata?

Dakta Hawa: Kawu tambayar na kan hanya. Maganin da aka fi sani shi ne metilfenidat, wanda ake sayarwa da sunan Ritaline ko Concerta. Yana cikin magungunan da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1971 ta sa wa tsaro, don ana iya karkatar da shi. A Faransa takardar likita ta musamman ake rubuta shi, ta kwana 28 kacal. Yana aiki ga mafi yawan yaran da ke da larurar da gaske, amma yana rage cin abinci, yana iya hana barci, dole a riƙa auna nauyi da tsawo da bugun jini. Ba ya cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma ba abu ne da za ka shiga farmasin unguwa ka samu ba. Ga ƴan ƙasa da shekara 6 ma ba da shi ake farawa ba, horar da iyaye ake yi kan yadda za su bi da yaron. Game da maye: larurar da aka bari ba kulawa ita ke ƙara haɗarin shaye-shaye da haɗarin hanya, bincike bai nuna maganin da likita ke bi yana ƙara shi ba. Abin da nake tsoro a nan shi ne uba ya ga jan alƙalami a takarda, ya aika wa ɗan'uwansa a waje ya sayo, ko ya je wurin mai tebur a ba shi abin sa barci. Na ga yaran da aka yi wa haka.

Hajiya Ta Geben Zogi: Ni tambayata ɗaya, Alhaji. Takardun nan in an cika, a hannun wa za su kwana? Garin nan ƙarami ne. Yau a rubuta ɗiyar wane na da matsalar ƙwaƙwalwa, shekara goma masu zuwa ranar da aka zo neman aurenta sai wata ta tuna.

Mushe Illa: Hajiya kin riga ni. Zan ƙara da abin da ba a so a faɗa. Lakwal mai zaman kanta da sakamakon jarrabawa take talla. Ba na zargin mai lakwal ɗinku, ban san shi ba. Amma takardar da ke nuna waɗanda za su ja sakamako ƙasa, a hannun mai neman ɗari bisa ɗari, sai a yi hattara. Ku sa a rubuta cewa ba za a kori yaro ko a hana shi zama jarrabawa saboda ita ba.

Baban Mariyama: Mushe, mutumin kirki ne, jikansa ne aka gano yana da larurar a waje, shi ya sa abin ya dame shi. Amma za a rubuta. Abin da na tsinta zan kai: ba za a raba wa 600 ba. Kowane malami ya kawo sunan waɗanda karatunsu ke ja da baya, a kira iyayensu su kaɗai, a fara da ido da kunne da jini. Wanda aka ga babu komi nan kuma abin na nan gida da lakwal da allo, shi za a cika wa takarda. Majo, za ka iya zuwa mana?

Ramatu: Baba, wa zai karanta wa iyayen da ba su yi boko ba? In ɗan aji ne zai fassara wa uwarsa tambayoyin da ake yi a kansa, kun san amsar da za ta fito. Mu ɗalibai za mu iya zama da su, in kwamiti ya yarda, amma sai Dakta ta duba fassarar tukuna.

Mushe Illa: Ni har yanzu ina ganin yarinyar da ke samun 10 bisa 20 alhali tana iya 15 za ta wuce ba a gan ta ba. Ba ta faɗi ba, ba ta dami kowa ba.

Dakta Hawa: Za ta iya wucewa, Mushe, ban musa ba. Ramatu turo fassarar in gani.

Majo Sani: Alhaji zan zo, amma ba ranar rigakafi ba, kuma sai shugabana ya sa hannu. Ku tanadi aji ɗaya mai haske wanda ke da tsawon mita 5 don allon gwajin ido, da wani wuri nesa da hayaniya don kunne. Gwajin jini a CSI za a yi, ba a lakwal ba, kuma akwai ɗan abin biya. Kowace uwa ta zo da karnen lafiyar yaron, ko ya yage, ina son in ga nauyin haihuwa da ko an taɓa kwantar da shi. Kada a kawo mini fiye da 20 a rana ɗaya.